Fata, Zare ko Roba: Da Me Za a Naɗe Mariƙin Baka a Legas?

Wanda ya sauko da baka daga Arewa zuwa Legas, mai gadi ne a Ikeja, ko cikin maharban da ke fita da kwari a kafaɗa ranar Sallah a Agege, ko mai kasa kayan gargajiya a kasuwar Lekki, damina ɗaya ta isa ta nuna masa inda bakan ke fara gajiya. A mariƙi ne. Nan tafin hannu ke juye gumi, nan danshi ke samun maɓoya a ƙarƙashin naɗi, nan kuma ido ke fara sauka, shi ya sa mai baka ya fi son ado a wurin. Naɗin da ya daɗe lafiya lau a Gusau yana iya yin furfurar fumfuna a nan tun damina ba ta raba ba.

Dalilin a fili yake. Ruwan da ke sauka a Legas ya haura milimita 1,500 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma ko ranar da ba a yi ruwa ba iskar da ke tasowa daga teku jiƙaƙƙiya ce. Laimarta kan kai kashi 80 cikin 100 a yawancin watanni. Itace kuwa, ko ya shekara nawa da sarewa, bai daina sha daga iska ba. In ya zauna cikin irin wannan laima, ruwan jikinsa kan hau zuwa wajen kashi 16 cikin 100. A hunturun Kano, lokacin da laima ke faɗuwa ƙasa da kashi 20, sai ya sauka zuwa 4 ko 5. Masu sassaƙar baka sun fi son sa tsakanin 8 da 12. Bakan da ya sha ruwa yakan ɗan kumbura, ya yi sanyin jiki, ka kwance tsirkiya ya ƙi miƙewa, kibiya ta riƙa faɗuwa tun ba ta kai inda ta saba ba. Naɗin mariƙi ba zai hana wannan duka ba, amma mugun naɗi ƙara shi yake, domin yana tsare ruwa a daidai tsakiyar baka, inda nauyin ja ya fi taruwa.

Saboda haka ni ba da kyau nake fara auna naɗi ba. Ina duba ko zai sha gumi ya kuma sake shi, da ko zan iya warware shi in leƙa itacen ba sai na sa wuƙa na kankare ba. Akwai kuma tambayar da bakan ne kaɗai zai amsa ta. Ɗaura tsirkiya, ka ba wani ya ja a hankali, kai ka koma gefe ka zuba wa tsakiyar ido. Yawancin bakunanmu na gado sanda ɗaya ce da ke lanƙwasa tun daga wannan ƙarshe har wancan, har da inda ake riƙewa. In kai ke ja za ka ji mariƙin na motsi a tafinka. Irin wannan siririn naɗi yake so, mai bin jiki. Wanda aka bar wa tsakiya da kauri, ba ya motsi a nan, shi ne ke iya ɗaukar naɗi mai tauri da kayan nauyi. Kauri ma abin lura ne, tun da kibiya ta gefen mariƙi take wucewa, duk abin da ka ƙara wa faɗinsa karkatar da bakinta yake. Tsawon kuwa inci 4 ya ishi hannu. Riƙe bakan yadda kake harbi, a ja maka layi da fensir a sama da ƙasan hannun, kada naɗi ya zarce nan da yawa.

Ko me ka zaɓa, kada ya hau kan itace tsirara. A goge wurin da samfefa mai laushi, a bar bakan ya sha iska a ɗaki, sannan a narka kakin zuma da ɗan man kaɗanya a murza da tsumma har itacen ya ƙoshi. Mai son banish ɗin kafintoci ya shafa siriri sau biyu. Ya fi kaki tare ruwa, sai dai mai kauri yakan tsattsage in baka ya lanƙwasa. Man gyaɗa da manja a bar wa miya, hamami suke yi, su kira kyankyaso da ɓera. Aikin nan kuma na rani ne, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ɗan hunturun da Legas ke samu ya busar da itace. Wanda ya naɗe baka a watan Yuni ruwa ya kulle a ciki.

Fatar akuya da aka jeme da bagaruwa ita zuciya ke fara tafiya gare ta, kuma da gaskiyarta. Ita ce fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi da ayari ya riƙa ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka san ta da fatar Maroko don ta can take isa hannunsu. Kaurinta wajen milimita 1 ne, ga ƙarfi, ga taushi a tafi. Abin da ya sa ta dace da mariƙi shi ne halinta da ruwa: in an jiƙa ta takan saki ta bi siffar abin da aka ɗora ta a kai, in ta bushe ta tsuke ta kama shi tamau. Tana shan gumi, hannu ba ya zamewa, kuma tana karɓar zane, na bugu ko na wuƙa. Daga Arewa take zuwa, don haka a wurin dukawanmu na unguwannin Hausawa za ka neme ta. Mai wanda zai je Kano ya ba da saƙo Ƙofar Wambai ko Kurmi.

A kula, fatar tunkiya kan shigo cikin ta akuya, rini ɗaya, ido ba ya rabewa da sauri. Ja ta tsakanin yatsu. Ta tunkiya miƙewa take ba turjiya, fuskarta na neman saɓulewa daga jikinta. Ta akuya tana da 'yan ƙuraje-ƙuraje a fuska, kuma tana ja da kai. Ta tunkiya ba ta jimre murzar hannu, a bar ta ga masu matasan kai.

Hanya biyu ake ɗora ta. Ta farko riga ce. Zauna gaban baduku ka ga yadda yake yi: zai yanka fatar daidai tsawon mariƙi, faɗinta ya gaza zagayewa da kamar kaurin tsinken ashana biyu, ya fefe gefunan da wuƙa har su yi sirara, ya huda layin ramuka a kowane gefe da basilla. Sai ya yayyafa mata ruwa, ta yi duhu ta saki jiki, ya dafe bakan tsakanin gwiwoyinsa, ya bi ramukan da zare biyu yana gicciya su, kowane ɗinki ya ja har gefunan su haɗe baki. Washegari in ta bushe, ko da ƙarfi ba ka juya ta. Ɗinkin ya faɗo inda kan yatsu ke sauka. In ya zo inda tudun tafi ke dannawa zai ci hannu, in ya zo gefen da kibiya ke bi kibiya za ta ci shi.

Ta biyu zirin fata ne mai faɗin yatsa, a naɗa shi a karkace, kowane zagaye ya hau sulusin wanda ya gabace shi. A fara daga ƙasa a yi sama, yadda ake baibayar ɗaki, don gumi da ruwa su gangara ta kai maimakon su shige ƙarƙashi. Ziri ya fi riƙo, gaɓoɓinsa na kama yatsu, kuma kai kanka za ka iya yin sa a ƙofar ɗaki. Amma kowace gaɓa mazaunin dauɗa ce da fumfuna, a garin nan kuwa wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Riga ta fi sauƙin gogewa, in kuma ana son duba itace zare ɗaya za a yanke. Ni riga nake zaɓa.

In ka ce wa tsohon baduku, "Baba, a ɗan sa gam mana, ya fi kamawa," amsar ba za ta wuce, "Ɗana, in na liƙe, ran da itacen ya yi ciwo ta ina za ka gani?" Yana da hujja. Ƙaro da liƙin gari da aka gada ruwa ke narkar da su, ga kyankyasai na son su. Gam ɗin masu gyaran takalmi, irin su Evo-Stik, yana jimre danshi yana bin lanƙwasa, sai dai cire shi aiki ne, kuma ba ya kama itacen da ya sha kaki. Mai haɗi biyu irin Araldite, da Super Glue, daskarewa suke su yi tauri. A bakan da ke motsi a tsakiya tsagewa za su yi. Fatar da aka ɗinka a jiƙe ba ta bukatar ko ɗaya.

Babban aibin fatar bagaruwa a Legas shi ne fumfuna na son ta. Jingine bakan a lungu cikin Yuni ko Yuli, ka manta da shi ɗan lokaci, za ka tarar ta yi fari-fari da kore-kore tana wari. Maganin a goge da tsumman da aka ɗiga wa sifirit, a shanya a inuwa, a bi da kaki. Labta mata mai ba ya taimako, abinci ma kake ba fumfunar. Sai batun rini. Jan asali daga karan dafi yake, baƙi daga kuloko, amma yau da yawa galura ake zubawa, ita kuwa da ta haɗu da gumi sai ta koma tafin hannu, daga nan ta hau farar riga ranar Sallah. Kafin ka biya, jiƙa farin ƙyalle ka murza fuskar fatar ka duba. Kulokon nan ma akwai abin koyo a cikinsa: baƙinsa na fitowa ne daga haɗuwar ƙarfe da sinadarin bagaruwa da ke cikin fata. Ƙusa ko wayar ƙarfe da ta taɓa jiƙaƙƙiyar fatar nan za ta yi mata wannan rinin ba da izininka ba, kuma tabon ba ya fita.

Kishiyarta ita ce fatar kamfani, wadda ake jemewa da gishirin kurom a masana'antu irin na Challawa da Sharaɗa a Kano, ko ake shigowa da ita daga waje. Mafi yawan fatar da ke yawo a duniya yau irinta ce. Kasuwar fata ta Mushin cike take da ita, guntun da mai takalmi ya rage ma ya ishi mariƙi. Gane ta ba wuya: yanka gefe, za ka ga tsakiyar ta yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka. Ba ta shan ruwa kamar ta bagaruwa, ba ta saurin fumfuna, launinta ba ya yawan zuba. Amma ba ta tsukewa in ta bushe, don haka ɗinki kaɗai ba ya riƙe ta; sannu a hankali za ta fara juyawa, dole a koma ga gam. Mai sheƙi, wadda aka rufe fuskarta da fenti, santsi take da zarar hannu ya jiƙe. In ita za ka saya, nemi mai gashi-gashi marar sheƙi, ko ka juya cikinta ya koma waje. A buɗe ido kuma, ledar da ke kama da fata tana nan jibge. Juya bayanta za ka ga yadi ne, kuma zafin Legas ɓare ta yake.

Ɗanyar fata, wadda aka kankare wa gashi aka shanya ba a jeme ba, ita ce naɗin maharban daji, kuma a Arewa babu kamarta. A jiƙa, a yanka ziri, a naɗa, rana ta busar da ita ta ƙanƙame har wuƙa na jin ta. Tsagewar da ta fara tashi a jikin baka da ita ake ɗaurewa. Sai dai duk ƙarfin nan daga bushewa yake, abin da Legas ke rowarsa. Fatar da ba a jeme ba tana komawa ɗanya duk sa'ad da ta sha ruwa, ta saki, ta yi yauƙi, ta tashi da ɗoyi, ƙwari da ɓeraye su biyo sahu. In ta sake bushewa ba lallai ta koma mazauninta ba. Ana iya rufe ta da banish, amma gumi da murza kan cinye banish a daidai inda aka fi bukatarsa.

Tana da jan hankali, don bayan Babbar Sallah ko'ina fata ce. Malamai sun ce fatar layya ba a sayar da ita amma mai ita na iya morar ta, sai mutum ya ga ai ga naɗi kyauta. Fatar rago ce fa, ga rauni ga kitse. Ta saniya kuwa, a mahautar Oko-Oba masu ganda ne ke rige kowa, tun da a nan fata abin sa wa miya ce. Har a 2022 shugaban cibiyar binciken fata da ke Zariya ya nemi a hana cin ganda don majemu su samu abin aiki. Ko ka same ta, ta yi wa mariƙi kauri. In dai dole sai ɗanya, a nemi siririyar ta akuya irin ta masu ganga, a sa wa bakan da zai koma gida kafin ruwa ya sauka.

Zare shi ake rainawa, kuma a ganina shi ya fi dacewa da bakan da ake harbi da shi a Legas. Kowane zagaye zaman kansa yake, don haka naɗin na bin lanƙwasar baka ba gardama. Ba ya ƙara wa mariƙi sai kaurin zaren kansa. Yana da ɗan kaushin da jiƙaƙƙen hannu ke so. Ya yi dauɗa a sa buroshi a wanke a shanya, ya gaji a warware nan take a ga halin da itace ke ciki. Lissafinsa ma a kai ake yi: zare mai kaurin milimita 1 zai zagaya sau 100 kafin ya rufe santimita 10, in kewayen mariƙin shi ma santimita 10 ne, mita 10 ke nan. Sayi 12, kada ya yanke maka a tsakiya.

Wane zare? Na auduga irin na masaƙa da igiyar rama su ne na gado. Sun fi daɗin taɓawa, suna karɓar rinin baba da na karan dafi. Amma tsiro ne, suna shan ruwa su ruɓe, sai an ja su ta cikin kakin zuma har sun ƙoshi kafin naɗi, an kuma riƙa sabunta kakin duk shekara. Zaren nailan na masu ɗinkin takalmi, wanda ke zuwa da kakinsa, da wanda masunta ke gyaran koma da shi a Makoko da Epe, babu ruwansu da ruɓa. Na masunta a nemi murɗaɗɗe mai kamar 'yar igiya. Farin silili ɗaya na fatsa yanka hannu yake, ya kuma ci itace. Nailan kan ɗan saki in ya jiƙe, saboda haka a ja shi sosai wurin naɗi. Wanda ya ce nailan ba gargajiya ba ne bai yi ƙarya ba. Baƙi ko ruwan ƙasa mai kaki dai sai an matso ake gane shi, kuma ban ga gargajiyar da ke cikin ruɓaɓɓen mariƙi ba.

Ba a yi masa ƙulli. Kwantar da bakin zaren a tsawon mariƙi ka naɗa a kansa, kowane zagaye manne da ɗan'uwansa, kana matsa su da farce. Saura kamar zagaye goma ka gama, ɗauko wani guntun zare ka ninka shi biyu, ka kwantar, hancinsa na kallon inda za ka ƙare, ka ci gaba da naɗi a kansa. Da ka kai, zura bakin zaren cikin hancin, ka ja guntun ta baya; bakin zai shige ƙarƙashin naɗi ya ɓace. Yanke abin da ya leƙo, ka murza kaki, ka goga da tsumma da sauri har ya yi zafi ya narke ya cike tsakanin.

Inda zare ya gaza biyu ne. Ba shi da taushin fata, bakan da ke dukan hannu in an saki kibiya za ka ji shi har wuyan hannu. Sannan kibiyar kyauro, ko da yake ba ta da gashi, tana goga wuri ɗaya kullum, zagaye ɗaya kuwa ya tsinke sauran sun bi shi. Sai a tsayar da naɗin ƙasa da hanyar kibiya, ko a ɗora ɗan guntun fata mai faɗin farce a wurin, shi ya riƙa shan gugar.

Robar tiyub ta mai faci da baƙin salatif na masu wayarin su aka fi gani a hannun masu gadi, don kyauta ne ko kusa da haka, kuma a daren farko riƙonsu ba laifi. Araha dai ba ta ado. Roba ba ta numfashi, danshin da ya shiga ƙarƙashinta ya zauna ke nan. Warware bayan damina ka ga itacen ya yi baƙi, farce na shiga. Salatif kuma zafi ke narkar da gam ɗinsa, ya zame, ya bar danƙo a hannu. In larura ta sa, na 'yan kwanaki ne kafin a samu zare.

Akwai wani abu da Legas ke da shi a yalwace: ɓawon ken da masu saƙa kujeru da kwanduna ke aiki da shi a Mende, ta wajen Maryland. A jiƙa ya yi laushi, a naɗa, ya bushe da sheƙinsa na halitta. Mutanen Japan da irinsa suke ɗaure dogon bakansu, amma a sama da mariƙi suke sa shi, inda kibiya ke gogawa, wurin hannu kuwa fata suke naɗawa. Hakan ya fi. Zobe biyu na ken, sama da ƙasa, su rufe bakin fata ko na zare. In aka cika mariƙi duka da shi santsi gare shi, gefensa kuma na cizon tafi.

To wa zai ɗauki wanne? Mai harbi da bakansa a kai a kai ya yi zare mai kaki, da guntun fata a hanyar kibiya. Mai gadi ya sauke roba ya sa zaren masunta, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wanda bakansa ke fita ranar Sallah ko tarbar sarki, sauran shekara yana rataye, ya ɗinka rigar jar fatar akuya, ba gam, amma ya yarda zai riƙa sauko da shi yana gogewa cikin damina. Mai rumfa da kayansa ke kwana cikin danshin kasuwa har a samu mai saye, fatar kamfani marar sheƙi ce za ta rage masa asara, muddin bai ce wa mai saye ta Sakkwato ce ba.

Ado kuwa, doka ɗaya ce ba a taka ta: bayan baka, wato fuskar da ke kallon abin harbi, ba a yanka ta, ba a ƙona ta. In an ja tsirkiya wannan fuskar ce ke miƙewa, jijiyoyin itacen da ke nan su ke riƙe da ja, zane ɗaya da wuƙa ta gitta musu ya isa mafarin karaya. Zanen wuta irin na ƙwarya da ake yi wa wasu bakunan sayarwa kyakkyawa ne a bango; wanda ya saya kada ya gwada ƙarfinsa a kai. Dagin Arewa ko sunan mai baka a kan fata ake buga su tun ba a ɗinka ba, ko a fitar da su da zare kala biyu.

Dukawa na da hanyoyin da ba sa taɓa itace. Sukan huda jar fata su shimfiɗa korino, wato koriyar fata, a ƙarƙashi, koren ya leƙo ta hudar, ko su saƙa siraran zirin fari da baƙi a bakin riga. Duk wannan a bakin mariƙi ya kamata ya zauna, sama da ƙasa, tsakiya a bar wa hannu sumul, don abin da ya ja ido a rumfa shi ke tayar da bororo a tafi. Da zare ma haka, jiki baƙi, zobe ja da fari a kowane ƙarshe, ya wadatar.

Wayar tagulla na da kwarjini ranar da aka naɗa ta. Iskar gishiri ta Lekki da Obalende kan mayar da ita kore, koren ya bi hannu, in kuma tana kan fata mai maiƙo abin ya fi sauri. Ta ƙarfe tsatsa ce makomarta. Bayan haka waya ba ta miƙewa. Itace ya kumbura da damina sai ta nutse a cikinsa ta yanke jijiya. Mai son ta ya ɗora ta a kan fata, a bakan da tsakiyarsa ba ta motsi. Tuntu, wuri da laya a ɗaure su dab da ƙasan mariƙi. Duk abin da aka rataya can ƙarshen baka nauyi ne da bakan zai riƙa wurgawa tare da kibiya, gudu ya ragu, girgiza ta ƙaru, mai gadi kuma ba ya son abin da ke kaɗawa yana sanar da zuwansa.

Fatar damo, guza da mesa tana da kyan gani, kuma tana riƙe hannu, amma ɓawonta na tashi da danshi. Dabbobin nan kuma suna cikin jerin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya da ke taƙaita cinikin namun daji, Najeriya ma na da dokar kare namun dajin da ke neman ƙarewa tun 1985. Wanda ya sayar wa baƙon da zai bi ta filin jirgin Murtala Muhammed yana iya ja masa a ƙwace kayan. Fatar saniya da aka buga wa zanen kada ko na maciji tana nan a Mushin, ta biya wannan bukatar.

Bayan an gama, a kwance tsirkiya, a rataye bakan a kwance kan ƙusa biyu da aka naɗe da tsumma, nesa da bangon da ke tsattsafo, kuma kada a sa shi a leda. Wanda zai tafi gida da shi cikin hunturu ya sa ran itacen zai tsuke, naɗin da aka yi a Legas ya yi sako-sako. Rigar fatar bagaruwa a ɗan yayyafa mata ruwa a bar ta ta bushe a jikinsa, za ta sake kamawa. Zare sai an warware an sake ja. Kafin a ɗora masa cikakken ja a can, a shafa masa kaki, a ja shi kaɗan-kaɗan ana saurare, domin itacen da hunturu ya ƙeƙasar ba ya yin gargaɗi kafin ya karye.